Ƙarafan da maganaɗisu ke ja da waɗanda ba ya ja, da dalilin da ya sa ba ya isa shaidar zinare

Daga rumfar 'yan gwangwan zuwa shagon mai sayen gwal, maganaɗisu, wanda wasu ke kira mayen ƙarfe, shi ne ma'auni mafi arha na tantance ƙarfe. Sai dai amsar da yake bayarwa tana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar na iya sa mutum ya sayi tagulla a farashin zinare.

Ƙarafan da yake ja

A cikin ƙarafa tsantsa, uku ne maganaɗisu ke kamawa da ƙarfi a yanayin zafi na yau da kullum: baƙin ƙarfe, nikel da kobalt. A jikin waɗannan ƙarafa akwai ƙananan sassa da kowannensu ke aiki kamar ɗan maganaɗisu. Kafin a kawo maganaɗisu kusa, kowane sashe na fuskantar inda ya ga dama. Da zarar ya matso, sai su juya fuska ɗaya, ƙarfen ya manne.

Yawancin abin da aka ƙera da baƙin ƙarfe yana bin wannan ƙa'ida: ƙusa, rodi, adda, da gwangwanin madara ko na tumatir, waɗanda baƙin ƙarfe ne aka yi wa siririn rufi na kuza.

Zafi yana rushe wannan tsari. Baƙin ƙarfe na daina amsa maganaɗisu idan ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyos, sannan ya dawo yadda yake idan ya huce. Ana kiran wannan mataki da sunan Pierre Curie, masanin Faransa da ya yi nazarinsa a 1895.

Waɗanda ba ya ja

Zinare, azurfa, jan ƙarfe, dalma da alminiyom ba sa mannewa. Haka tagulla, wadda akasari gaurayen jan ƙarfe ce da wani ƙarfen. Shi ya sa gwangwanin lemo, wanda yawancinsa alminiyom ne, ba ya kama maganaɗisu. A wurin ɗan gwangwan, abin da ya ƙi mannewa shi ne abin dubawa, domin jan ƙarfe da alminiyom sun fi baƙin ƙarfe tsada a kilo.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake yin cokula da kwanukan silba da shi, iri-iri ne. Nau'in da ake kira 304, mai kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyom da kashi 8 na nikel, galibi ba ya mannewa duk da cewa mafi yawansa baƙin ƙarfe ne, saboda gaurayen ya sauya yadda ƙwayoyinsa suka jeru. Nau'in 430 kuwa yana mannewa. Don haka mannewar cokali ba hujja ba ce cewa jabu ne.

Iyakar gwajin a kan zinare

Idan jikin sarƙa ko awarwaro ya bi maganaɗisu da ƙarfi, akwai baƙin ƙarfe ko nikel mai yawa a cikinsa, kuma ba zinare mai kyau ba ne. Maɗaurin sarƙa kaɗai ake yi wa uzuri, domin sau da yawa akwai ɗan sifirin na baƙin ƙarfe a ciki.

Idan kuwa bai bi ba, babu abin da aka tabbatar. Tagullar da aka yi wa ruwan gwal za ta tsallake gwajin. Maganaɗisu kuma ba ya bambance karat 18, mai kashi 75 cikin ɗari na zinare, da karat 21 mai kashi 87.5.

A nan awo ke shiga. Zinare tsantsa ya ninka ruwa nauyi sau 19.3, alhali tagulla ba ta kai ninki 9 ba. Amma ko awon yana da gibi: tongstin kusan nauyinsa ɗaya da zinare, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Saboda haka masu sana'ar gwal ke ƙarawa da goga kayan a dutse su ɗiga ruwan asid, ko su sa na'urar da ke karanta sinadaran ƙarfe. Mai saye yana da damar neman a yi waɗannan gwaje-gwaje a gabansa, a kuma rubuta masa karat da nauyi a rasit kafin ya biya.