Kwana 340 a sararin samaniya: Abin da binciken tagwayen NASA ya gano

A ranar 27 ga Maris, 2015, kumbon Soyuz ya tashi daga sansanin Baikonur da ke Kazakistan ɗauke da 'yan sama jannati uku. Biyu daga cikinsu, Scott Kelly na Amurka da Mikhail Kornienko na Rasha, ba su sake taka ƙasa ba sai ranar 2 ga Maris, 2016, bayan kwana 340 a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda aka fi sani da ISS. A al'ada wata shida ake yi a tashar a sauko. An ninka musu wa'adin ne don amsa tambaya guda: jikin ɗan Adam zai iya jure tafiya zuwa duniyar Mars, wadda zuwa da dawowarta za su ci kusan shekara uku?

Tashar tana kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 daga ƙasa, da gudun kilomita 28,000 a sa'a, tana kammala zagaye ɗaya cikin minti 90. Mazaunanta kan ga fitowar rana sau 16 a yini. A can jiki ba ya jin nauyinsa, kuma daga nan matsalolin suke farawa. Ƙashin da ba ya ɗaukar kaya yana zaizayewa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowane wata, tsoka tana saki, ruwan jiki kuma yana barin ƙafafu ya taru a ƙirji da kai, har fuska ta kumbura, ganin wasu ya raunana. Shi ya sa kowane ɗan sama jannati yake motsa jiki na kimanin sa'a biyu kullum, a ɗaure da injin gudu don kada ya tashi sama.

Abin da ya bambanta wannan tafiya shi ne Scott ɗan tagwaye ne. Ɗan'uwansa Mark, wanda suka fito daga ƙwai ɗaya, shi ma ɗan sama jannati ne da ya yi ritaya a 2011, kuma a yanzu sanata ne mai wakiltar jihar Arizona. Da yake ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, hukumar NASA ta mai da Mark ma'auni. Rukunin masana goma suka riƙa karɓar jini da fitsari da bayan gida daga su biyun, kafin tafiyar da lokacinta da bayanta. Scott da kansa yake ɗibar jininsa a sama, ya kuma yi wa kansa allurar rigakafin mura, wadda ta yi aiki a jikinsa kamar yadda take yi a ƙasa.

An fitar da cikakken sakamakon a mujallar Science a watan Afrilun 2019. Abin da ya fi ba masanan mamaki ya shafi telomiya, wato 'yan ƙulle-ƙullen da ke bakin zaren gado a cikin ƙwayar halitta, kamar ƙullin da ake yi wa bakin igiya don kada ta warware. Suna gajarta yayin da mutum yake tsufa, don haka an zaci wahalar sama za ta ƙara gajarta su. Sai ga na Scott sun ƙara tsawo. Murnar ba ta daɗe ba, domin cikin kwana biyu da saukowarsa suka koma, wasu ma suka fi na da gajarta.

Akwai kuma wani adadi da ya sha gurguwar fassara. A 2018 kafafen labarai da dama sun yaɗa cewa kashi bakwai cikin ɗari na ƙwayoyin gadon Scott sun sauya, har wai ya daina zama tagwayen Mark. Wannan kuskure ne. Ƙwayoyin gadon suna nan yadda suke. Yadda suke aiki ne ya sauya, kamar fitilun gida da aka kunna wasu aka kashe wasu. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aikinsu ya sauya sun daidaita cikin wata shida, ragowar kuwa, ciki har da masu alaƙa da garkuwar jiki da gyaran DNA, ba su koma ba a tsawon binciken. An kuma ga bangon jijiyar wuyansa ya yi kauri, siffar ƙwayar idonsa ta ɗan sauya, saurin tunaninsa ya ragu bayan dawowa. Shi kansa ya ba da labarin kumburin ƙafafu da ƙurajen da suka feso masa a duk inda fatarsa ta taɓa kujera ko gado.

Ba jini da allura kaɗai aka yi ba. A watan Agustan 2015 Scott da abokan aikinsa biyu suka ci latas ɗin da aka noma a cikin tashar, gwajin da ya shafi guzurin doguwar tafiya kai tsaye.

Dole a yi taka-tsantsan da sakamakon. Mutum biyu ba su isa a yanke hukunci a kan kowa ba, kuma Mark bai zauna a killace yana cin irin abincin ɗan'uwansa ba. Uwa-uba, tashar tana cikin garkuwar maganaɗisun duniya, wadda ke tare mafi yawan haskoki masu lalata ƙwayoyin halitta. Mai tafiya Mars zai bar wannan garkuwa a baya. Tsawon zaman ma ba shi ne na farko ba: likitan Rasha Valeri Polyakov ya yi kwana 437 a tashar Mir tsakanin 1994 da 1995, kuma Frank Rubio na Amurka ya kai kwana 371 a 2023, bayan kumbon da zai dawo da shi ya yi yoyo. Lokacin tara irin waɗannan bayanai kuwa yana ƙurewa, domin NASA ta tsara kawo ƙarshen aikin tashar a wajajen 2030, sannan a jefo ta cikin tekun Fasifik.