Bangon Faifai da Malamin da Ya Raini Masu Zana Shi

Kafin 1940, wanda ya shiga kantin faifan garmaho a Amurka ba abin da zai gani da zai ja masa ido. Faifan lokacin da wani irin ƙaro ake yin sa, ga nauyi, ga saurin fashewa, kuma kowane gefe ba ya wuce minti huɗu ko biyar. Doguwar waƙa sai an raba ta faifai da yawa, a zura kowanne cikin takarda ruwan ƙasa, a ɗinke su wuri guda kamar littafin ajiye hotuna. Bangon kuwa yawanci kwali ne fayau, sai sunan mai kiɗa.

Wanda aka fi danganta sauyin da shi wani saurayi ne, Alex Steinweiss, haifaffen Brooklyn a 1917, da kamfanin Columbia ya ɗauka shugaban sashen zane yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Da zai yi bangon waƙoƙin Rodgers da Hart a 1940, sai ya ɗauki mai hoto suka tafi gidan wasa na Imperial a New York, ya lallashi masu wurin suka jera masa sunan faifan a allon fitilun ƙofa, aka ɗauka. Hoton nan ya zama bango, ciniki ya tashi, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Amma ni da nake koyar da zanen kwalin kaya, malaminsa ne ya fi burge ni. Leon Friend ya zama shugaban sashen zane a sakandaren Abraham Lincoln da ke Brooklyn a 1930. Ya tara yara masu hannu a wata ƙungiya da ake kira Art Squad, ya riƙa ba su aikin gaske: fastar wasan makaranta, sanarwa, bangon mujalla, abin da za a buga a manna, jama'a su gani su yaba ko su kushe. Daga wannan aji Steinweiss ya fito, haka Gene Federico, haka Seymour Chwast. Yaron da ya san gobe aikinsa zai hau bango ba ya wasa da shi.

A 1948 Columbia ta fito da sabon faifai na roba mai faɗin inci 12, wanda kowane gefe ke ɗaukar sama da minti 20. Layukansa sirara ne, tsohuwar takardar nan tana ƙarce su. Steinweiss ɗin dai aka nema, ya tsara aljihun kwali mai buɗe baki a gefe guda, aka liƙa masa zane a waje. Nan ne nake tsayar da ɗalibaina. Kafin bango ya zama abin kallo, mazubi ne: dole ya kare kaya, ya jure hannun ɗan kasuwa, ya ɗauki suna a ƙeya yadda za a karanta shi ko an jera ɗari a kanta. Shi ya sa aikin farko da nake ba su ke nan. Kowa ya zaɓi mawaƙin da yake so, ya auna, ya bar kunnen da za a shafa wa gam, ya bar rarar launi a gefe saboda wuƙar maɗaba'a ba ta faɗa daidai kullum, sannan ya yanka ya naɗe da hannunsa. Wanda faifansa ya ƙi shiga ya faɗi, komai kyan zanensa. Wanda ya iya wannan, kwalin sabulu ko na magani ba zai ba shi wuya ba.

A Najeriya kuma ba a aji aka yi wannan karatu ba. Lemi Ghariokwu koya wa kansa ya yi, ya fara da bangon faifan Alagbon Close na Fela Kuti a 1974, ya yi masa bango 26. Zanensa cike yake da mutane da rubutu da habaici ga masu mulki, har mai saye kan gama fahimtar saƙon kafin ya ɗora allura.

Daga nan fili ya yi ta tsukewa. Kaset ya mayar da bango ɗan kati da bai kai tafin hannu ba, kuma mu nan Arewa da shi muka fi sabawa: hoton mawaƙi, sunansa, jerin waƙoƙi, shi ke nan. Faifan CD ya zo a 1982, yau kuma abin ya koma ɗan hoto a waya, babu baya, babu ƙeya, babu abin naɗewa. Wasu abokan aiki kan ce tunda haka ne a daina wahalar da yara da kwali. Ban yarda ba. Malamai 'yan'uwana, ku ba su kwali da reza da ruwan gam, ku hana su taɓa kwamfuta sai faifai ya shiga ya fita ba tare da ya maƙale ba.