Masaukin Mermaid na Rye: gidan baƙin da ya taɓa zama fadar 'yan fasa-ƙwauri

A garin Rye da ke gundumar East Sussex, kudu maso gabashin Ingila, akwai wani masauki mai suna Mermaid Inn, wato masaukin 'yar ruwa, wanda ake lissafawa cikin tsofaffin gidajen baƙi na ƙasar. Yau masu yawon buɗe ido ne ke cika ɗakunansa. Shekaru kusan 280 da suka wuce kuwa, gungun 'yan fasa-ƙwauri mafi hatsari a kudancin Ingila ne ke zama a zaurensa ido na ganin ido, hukuma ba ta iya ɗaga musu yatsa.

Asalin ginin

Masu masaukin suna danganta ɗakunan ajiyarsa na ƙarƙashin ƙasa da shekarar 1156. A wancan zamani Rye tashar jiragen ruwa ce mai albarka, kuma tana cikin ƙawancen garuruwan gaɓar teku da ake kira Cinque Ports. Yarjejeniyar ƙawancen a fili take: garuruwan su ba sarki jirage da matuƙa idan yaƙi ya taso, shi kuma ya sauƙaƙa musu haraji, ya bar su su gudanar da kotunansu.

Kusancin Rye da Faransa shi ne arzikinta, shi ne kuma masifarta. A 1377 dakarun Faransa suka kawo hari ta teku, suka ƙone mafi yawan garin. Ginin katakon da ke tsaye yanzu an tayar da shi ne a wajajen 1420, bisa tsofaffin ɗakunan ƙasan da wuta ba ta ci ba. Matafiya da matuƙan jirgi da fatake su ne abokan cinikinsa na farko.

Zamanin fasa-ƙwauri

Tun ƙarni na 17 gwamnati ta haramta fitar da gashin tumaki zuwa ƙetare domin kare masaƙun cikin gida. Makiyayan fadamar Romney, wadda ke maƙwabtaka da Rye, suka koma tsallakar da shi Faransa da dare. Jiragen da suka kai gashi ba sa dawowa fanko. A ƙarni na 18, da haraji ya yi nauyi a kan ganyen shayi da taba da barasa, shigo da su ta bayan fage ya zama sana'ar da ta fi noma da su riba.

A nan ne gungun Hawkhurst ya bayyana. Ya samo sunansa daga wani ƙauye a gundumar Kent, ya kuma yi tashe daga wajajen 1735 zuwa 1749. Masaukin Mermaid na cikin matattararsu. Marubuta tarihin garin sun kawo cewa 'yan gungun kan zauna a ciki suna shaye-shaye, bindigoginsu cike da harsashi a ajiye bisa tebur, babu alƙalin da ya isa ya sa a kama su. Tsoro na cikin dalilan shirun mutanen gari, amma akwai kuma moriya: wanda ke sayen shayi da araha, ko yake samun ladan dako a dare ɗaya fiye da na mako a gona, ba ya gaggawar kai ƙara.

Yadda gungun ya rushe

Girman kai ne ya ja musu. A watan Afrilu na 1747 mutanen ƙauyen Goudhurst suka ɗauki makamai suka fatattake su. A watan Oktoba na shekarar, 'yan gungun suka fasa gidan kwastan na garin Poole, suka kwashe ganyen shayin da jami'ai suka ƙwace musu. Farkon 1748 aka yi wa mutum biyu kisan gilla saboda wannan shari'a: William Galley, jami'in kwastan, da Daniel Chater, mai ɗinkin takalma wanda zai ba da shaida. Kisan ya juya zukatan jama'a, shaidu suka fara fitowa. A 1749 aka rataye Thomas Kingsmill, jagoran gungun, a Landan.

Igiyar rataya ta kawar da gungun, amma sana'ar ta ci gaba har shekaru da dama. Abin da ya karya fasa-ƙwaurin shayi shi ne dokar da firaminista William Pitt ƙarami ya kawo a 1784, wadda ta rage harajinsa daga kashi 119 cikin 100 zuwa kashi 12.5. Da riba ta gushe, masu kasadar suka watse.

Bayan teku ya ja baya

Ita ma Rye ta riga ta fara dushewa, domin laka da tsakuwa sun daɗe suna cike mashigin jiragenta. Yau garin yana da nisan kusan kilomita 3 daga bakin teku. A wajajen 1770 Mermaid ya daina aiki a matsayin masauki, ya shafe shekaru masu yawa yana gidan haya. A 1913 ya zama kulob a hannun May Aldington, mahaifiyar marubuci Richard Aldington, sannan hafsoshin sojan Kanada suka zauna a cikinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin ya ci gaba da karɓar baƙi, kuma yana cikin gine-ginen tarihi da dokar Ingila ta hana a rushe ko a sauya musu fasali ba da izini ba.

Labarin 'yan fasa-ƙwaurin da a da ake faɗa cikin raɗa, shi ne yanzu masaukin ke tallata kansa da shi ga baƙi.