Kaset ɗin 'Yan Kallo

kaset ɗin 'yan kallo (suna, namiji). Sautin wasan kiɗan rok wanda wani daga cikin mahalarta ya naɗa da rikodarsa yana tsakiyar cincirindo. Ƙungiyar mawaƙan rok ta Amurka, Grateful Dead, ta halatta wannan al'ada, har a shekarar 1984 ta keɓe wa masu naɗa gurbi na musamman, bisa sharaɗin a yi musaya, kada a sayar. Ko da yake sautin kaset ɗin yakan dusashe, haƙiƙa wanda ya halarci wasan, idan ya sake jin tafin jama'a da muryar maƙwabcinsa tana rawa cikin amshi, sai shauƙi ya lulluɓe shi, hawaye su zubo masa tamkar yana tsaye a wurin.