Tambayar wutsiya a Turanci

Tambayar wutsiya, wadda ake kira question tag ko tag question a Turanci, gajeruwar tambaya ce da ake maƙalawa a ƙarshen jimlar bayani domin neman mai sauraro ya tabbatar da abin da aka faɗa, ko ya nuna ya yarda da shi. A jimlar "You are a student, aren't you?" ɓangaren farko bayani ne, "aren't you" kuwa ita ce wutsiyar. Ma'anar jimlar ita ce "Kai ɗalibi ne, ko?" An fi jin wannan tsari a hirar baki, sai kuma maganar taurari a cikin labarai da wasan kwaikwayo.

Yadda ake gina ta

Wutsiyar kalmomi biyu ce: mataimakin aikatau da wakilin suna. Mataimakan aikatau su ne irin su be, have, do, will, can da should. Wanda ke cikin jimlar shi ake maimaitawa, a lokacin da yake. Wakilin sunan kuma yana tsayawa a madadin aikau, domin ba a maimaita suna a wutsiya. Ana cewa "Amina can drive, can't she?", ba a cewa "can't Amina". Idan jimlar ba ta da mataimaki, sai a aro do, does ko did, kamar "Musa likes tea, doesn't he?" da "They left early, didn't they?"

Babbar ƙa'idar ita ce juyi. Jimla tabbatacciya tana ɗaukar korarriyar wutsiya, korarriyar jimla kuma tana ɗaukar tabbatacciya: "He is coming, isn't he?" amma "He isn't coming, is he?" Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne kalmomin da ke ɗauke da korewa ba tare da not ba, wato never, hardly, seldom, nobody da nothing. Jimlar "She never complains" korarriya ce, don haka wutsiyarta "does she?" ce. Nobody, somebody da everybody suna ɗaukar they, kamar "Nobody called, did they?", nothing da everything kuma it.

Akwai 'yan siffofin da sai dai a haddace su. Wutsiyar "I am late" ita ce "aren't I?", ko da yake a Scotland da Ireland ana jin "amn't I?". "Let's go" na ɗaukar "shall we?". Umarni na ɗaukar "will you?" ko "would you?", kamar "Close the door, will you?". Jimlar da ta fara da there kuwa, there ɗin ake dawo da ita: "There is a problem, isn't there?"

Wani lokaci ana barin juyin da gangan. "So you've finished, have you?" ba kuskure ba ce. Mai maganar yana nanata abin da ya ji ne cikin mamaki, ko kuma gatse yake yi.

Hawa da saukar murya

Rubutu ba ya nuna wannan, amma shi ke ɗauke da rabin ma'anar. Idan murya ta sauka a kan wutsiyar, mai magana ya riga ya san amsa, goyon baya kawai yake nema. Wanda ya ce "It's hot today, isn't it?" a tsakiyar rana hira yake buɗewa. Idan murya ta hau, tambaya ce ta gaske: "You locked the door, didn't you?" daga bakin wanda shakka ta kama shi a hanya.

Yadda ake amsawa

A nan Turanci da Hausa suka raba hanya. Bahaushe yana amsa maganar da aka yi masa ne. Idan aka ce "Ba ka sha maganin ba, ko?", wanda bai sha ba zai ce "E, ban sha ba", wato gaskiyarka. Bature kuwa yana amsa abin da ya faru ne, ba ruwansa da siffar tambayar. Amsar "You haven't taken the medicine, have you?" ita ce "No, I haven't" ga wanda bai sha ba, "Yes, I have" ga wanda ya sha. Mai jin Hausa da ya ce "Yes" kawai, yana nufin bai sha ba, likita zai ɗauka ya sha. Irin wannan ruɗani kan faru a asibiti da kotu da wajen ganawar neman biza. Abin da ya fi aminci shi ne a cika amsar da mataimakin aikatau, kada a tsaya a yes ko no.

A wasu harsuna da kare-karen Turanci

Yawancin harsuna wutsiya ɗaya gare su da ba ta canzawa. Hausa na da "ko?" da "ko ba haka ba?", Faransanci na da "n'est-ce pas?", Jamusanci "nicht wahr?". Turanci ne ya ɗora wa kansa wahalar sauya ta da kowace jimla. Shi ya sa a Turancin Najeriya da na Indiya "isn't it?" ta zama wutsiyar kowa da kowa, har ake jin "You are coming tomorrow, isn't it?". Turancin buroka na Najeriya yana amfani da "abi?", wadda aka aro daga Yarbanci. Su ma masu harshen suna da irin tasu: "innit" a Landan, "eh" a Kanada, "right" a Amurka. A mahangar kimiyyar harshe wannan sauyi ne na ɗabi'a, ba lalacewa ba. Sai dai jarrabawar WAEC da NECO da JAMB daidaitaccen Turanci suke bi, kuma tambayar wutsiya na yawan fitowa a ɓangaren zaɓi, don haka ɗalibin da ya zaɓi "isn't it" a wannan jimla ya rasa maki. "Aren't you" ce amsar.

Bincike

A 2006 Gunnel Tottie da Sebastian Hoffmann sun kwatanta rumbunan hirar baki na Birtaniya da Amurka, suka gano cewa 'yan Birtaniya na amfani da wannan tsari kusan ninki 9 na Amurkawa.

Tun kafin nan, a littafinta Language and Woman's Place na 1975, Robin Lakoff ta yi da'awar cewa mata sun fi maza yawan amfani da tambayar wutsiya, kuma alama ce ta rashin tabbas a magana. Da'awar ta jawo muhawara mai tsawo. A shekarun 1980 Janet Holmes, da take nazarin Turancin New Zealand, ta raba wutsiyar da ke nuna shakka da wadda ake yi domin a jawo abokin hira ya sa baki. A bayananta, mata sun fi yin ta biyun, maza kuma ta farkon.