Ƙungiyoyin marubuta da buga littafin farko: tarihin Kano da abin da ya shafe mu a Damagaram

Gabatarwa

Idan wani saurayi ko wata budurwa a Waca, ko a wani gari na yankin Magarya da Dungas, ya rubuta labari da Hausa har ya cika kaye biyu ko uku irin na ƴan lakwal, ta wace hanya wannan rubutu zai zama littafi? Amsar da aka saba bayarwa a Yamai ita ce a jira wata ma'aikata ko wani shiri mai tallafin ƙasashen waje ya buɗe gasa. Amma a ƙetaren iyaka, a Kano, inda fataken wannan yanki suke kai da kawowa tun kaka da kakanni, an amsa tambayar ta wata hanya dabam tun shekarun 1980. A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin waccan amsa. Ra'ayinmu shi ne, abin da ya ba marubutan Kano damar fitar da littafinsu na farko da kansu ƙungiya ce ta ƴan'uwansu marubuta, wadda ta ɗauki ayyukan da kamfanin ɗab'i ya kamata ya yi, kuma darajarta da rauninta duka daga nan suka taso.

Zamanin gasa

Ƙagaggen labari na Hausa a rubutun boko a hannun hukuma aka haife shi. A shekarar 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya wadda ta koma Hukumar Talifi, ya shirya gasar da ta fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Daga baya aikin ya koma hannun hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC da aka kafa a Zariya a 1966. Wata gasa ta NNPC a ƙarshen shekarun 1970 ita ta ba mu Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, waɗanda aka buga a 1980. Ta gwamnatin tarayya kuma ta fitar da irin su Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982.

Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar ƙofar. Cikin rabin ƙarni, wanda bai ci gasa ba, ko littafinsa bai dace da manhajar makarantu ba, da wuya a san ya taɓa rubutu. Sai kuma abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa da Nijeriya ta fara a 1976, tare da Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Jihar Kano a 1980, sun yaye ɗimbin matasa da matan aure masu iya karanta Hausa. A ɗaya ɓangaren, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takardar da ake shigowa da ita daga waje ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye zuwa littattafan makaranta, inda ciniki yake da tabbas. Masu karatu sun yawaita a daidai lokacin da masu bugawa suka ja baya.

Abin da ƙungiya ta yi

Littafin da masu nazari suka fi ambatawa a matsayin mafarin sabon yayin shi ne Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana yarinya, ta kuma koma karatu ta hanyar ajin manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ado Ahmad Gidan Dabino, shi ma ɗan ajin manya, ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. 

Sai dai a gane cewa kai rubutu wurin mai injin buga katin biki da rasit abu ne mai sauƙi. Kowa da ƴan kuɗinsa zai iya. Wahalar tana gaba da baya. Wa zai karanta rubutun ya ce wannan babi ya yi tsawo, ko kuwa an haɗe kalmomin da ya kamata a raba? Wa zai gaya wa sabon shiga nawa ne ainihin kuɗin bandir ɗin takarda, don kada a cuce shi? In an buga, wa zai sa mai shago a Sabon Gari ya karɓi littafin wanda ba a taɓa jin sunansa ba? Waɗannan su ne ayyukan edita da ɗan talla da dillali, kuma su ne ƙungiyoyin da suka ɓullo a Kano wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 suka raba a tsakaninsu. Mafi shahara ita ce Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar Ƴan Gurasa da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jigoginta. Akwai kuma Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Sunayen ma kansu abin nazari ne. Wanda ya san ƙarashen karin maganar, wato raina kama ka ga gayya, ko kukan kurciya jawabi ne, ya san cewa masu ƙungiyar sun riga sun san da idon da manyan masana za su dube su.

Hujjar wannan aiki tana jikin littattafan. A littafin Raina Kama mai karatu yakan tarar da tambarin ƙungiyar, da hoton mambobinta, da jerin littattafan sauran ƴan ƙungiya, waɗanda suka fito da waɗanda suke tafe. A ganinmu wannan jeri shi ne babbar dabarar. Yarinyar da ta sayi littafin marubucin da ta sani, ta gama, sai ta ga sunan wani sabo a shafin ƙarshe, ta je ta tambaye shi a shago. Mai shago kuwa da ya ji an tambaya sau biyu sau uku, sai ya aika a kawo. Ta haka sanannen marubuci yake ara wa baƙo sunansa, kamar yadda a fatauci maigida yake tsaya wa yaronsa a ba shi kaya bashi. Ba mu ga dalilin neman asalin wannan tsari a Turai ba. Tsarin maigida da yaro da dillali ne na kasuwar Kurmi aka ɗora wa littafi.

Batun jari ma da dabarar kasuwa aka warware shi. Labari ɗaya akan raba shi kashi biyu, uku ko huɗu, kowane kashi ɗan ƙaramin littafi mai bangon takarda da ɗalibi zai iya saye da kuɗin tara. Cinikin na ɗaya shi ke biyan bugun na biyu. Wannan kuwa ya shiga har cikin sigar labarin, domin dole kashi na ɗaya ya tsaya inda ran mai karatu zai tashi, in ba haka ba na biyu ya kwana a shago. Masu sukar waɗannan littattafai da yawan jan rai sun manta cewa marubucin da bai ja rai ba ba zai sake bugawa ba. Gidajen rediyo da suka riƙa karanta littattafan ga masu sauraro sun ƙara faɗaɗa kasuwar, har zuwa ga waɗanda ba su iya karatu ba.

Suka da asara

A 1994 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa wannan yayi suna Adabin Kasuwar Kano a jaridar Nasiha, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan Ingilishi na kasuwar Onica da suka yi tashe bayan yaƙin duniya na biyu suka kuma dusashe da yaƙin basasar Nijeriya. Manufar sunan ita ce abu ne mai wucewa. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suna cikin waɗanda suka mayar da martani a jaridun Kaduna cikin shekarun da suka biyo baya. Ba za mu sake buɗe waccan muhawara ba, sai dai mu ce hasashen mutuwar bai tabbata ba: Graham Furniss ya tara ɗimbin littattafan a makarantar SOAS ta Landan, Brian Larkin ya yi nazarin In Da So Da Ƙauna a mujallar Africa a 1997, kuma Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito cikin fassarar Ingilishi ta Aliyu Kamal a ƙasar Indiya a 2012.

Amma akwai wata suka da masu muhawarar ba su cika tsayawa a kanta ba, ita ce kuwa ta fi damun mu. Ƙungiya ta iya shigar da marubuci kasuwa, ba ta iya kare shi a cikinta ba. Marubuci yakan ba masu shago littattafai bashi, ya yi ta zarya kafin ya karɓi kuɗinsa kaɗan kaɗan, har jarin ya narke. Da tafiya ta yi tafiya, wasu masu shagunan suka koma sayen rubutun ɗungurungum da kuɗi ƙalilan, su buga, su sake bugawa, marubucin ba shi da sauran haƙƙi. Wato ɗan kasuwa ya zama kamfanin ɗab'i ba tare da ya ɗauki nauyin gyara ba. Daga 1990 kuma, shekarar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, harkar bidiyo ta fara janye manyan marubuta, ciki har da jigogin Raina Kama, ƙungiyoyin farko suka yi sanyi. Rubutu ya fi komawa hannun mata, irin su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, daga baya kuma mata suka kafa nasu ƙungiyoyin, kamar Kallabi. Inda ƙungiya ta sake nuna amfaninta shi ne lokacin tsanani: bayan ƙona littattafai da gwamnatin Ibrahim Shekarau ta yi a bainar jama'a a 2007, da yunƙurin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano na tantance marubuta da rubutunsu, ƙungiyoyin marubuta ne suka tsaya suka yi jayayya da hukumar.

Wannan gefen iyaka

Littattafan Kano sun shigo Maraɗi da Damagaram cikin kayan ƴan kasuwa, tare da atamfa da kaset. Abin da bai shigo ba shi ne tsarin da ya haife su. Nijar ba ta rasa himma a kan harshen ba: a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, dokar 2001 ta jera harsunan ƙasa, kuma gidajen ɗab'i irin su Albasa da Gashingo a Yamai sun fitar da littattafai da harsunan gida. Sai dai mafi yawan wannan aiki makaranta da yaƙi da jahilci ya dosa, mai sayensa kuma ma'aikata ce ko wani shiri. Littafin da shiri ya biya kuɗinsa ya raba kyauta ba ya koya wa marubuci abin da mai karatu yake so, ba ya kuma haifar da mai shagon da zai nemi na biyu. Ga shi ɗan lakwal na Magarya da Faransanci aka koya masa riƙe alƙalami, ko da yake karanta Hausar boko ba ya ɗaukar masa lokaci in ya samu labarin da ya ja shi.

Wayar hannu ta sauya lissafin. Tun shekarun 2010 yawancin sababbin marubutan Hausa ba sa bi ta wurin mai inji. Shafi shafi suke sakin labari ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, kusan kowane labari kuma da sunan wata ƙungiyar marubuta a samansa. In an lura, ayyukan nan na Raina Kama ne suka dawo: ƴan ƙungiya su duba rubutu, su tallata na junansu, a ba da shafukan farko kyauta, wanda yake son ƙarashe ya biya. Sau da yawa akan ware wa masu karatu na Nijar tasu hanyar biya da sefa, abin da ke nuna cewa kasuwar ta san da su, kuma ƴan Nijar sun shiga cikin masu rubutun. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kayan fatake sun tsaya, labarai ba su tsaya ba. Tsohuwar cutar ma ta biyo: wanda ya sayi labari yakan watsa shi kyauta, marubuciya ta tashi a tutar babu. Akwai kuma sabuwa, wato rashin ma'adana. Kamfanin OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu ta hannunsa, ya rufe a Nuwamban 2023. Littafin takarda na 1992 ana iya samunsa a Landan, na waya na 2018 kuwa sai in wani ya adana.

Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Za a yi ta maganar manhaja da ƙamus da horar da malamai, kuma duka wajibi ne. Mu dai abin da muke ba sassan nazarin harsuna na Yamai da Damagaram shawara a kai bai kai wannan girma ba: a fara tattara labaran da marubutan Magarya da Dungas da Matamai suke saki ta waya, da sunan ƙungiyar kowanne da shekararsa, a kuma buɗe wa waɗannan ƙungiyoyi ƙofar koyon ƙa'idojin rubutu na 1999 ba tare da an nemi mayar da su reshen wata ma'aikata ba. Ɗalibi ɗaya mai neman digiri na biyu, da waya da izinin marubutan, ya isa ya soma wannan aiki daga Waca.