Keɓaɓɓen muhalli

keɓaɓɓen muhalli suna, namiji. Jam'i: keɓaɓɓun muhallai. Fannin kwamfuta.

1. Jaka ta musamman da mai rubuta manhaja yake buɗe wa aiki guda a kwamfutarsa, ya zuba kayan aikin a ciki don kada su cakuɗa da na wani. Kamar rumbu ne: gero daban, dawa daban. Misali: "Ɗalibar ta buɗe keɓaɓɓen muhalli kafin ta fara rubuta manhajar lissafin 'yan kasuwar hatsi ta Yankara."

2. Manhajar da ake kafa jakar da ita a harshen Python. Fitattu su ne virtualenv, wadda Ian Bicking ya fitar a 2007. Venv, da ke zuwa cikin Python tun fitowar 3.3 a 2012. Conda, da masu nazarin alƙaluma suka fi so, amma tana cin wuri da data. Sai uv ta kamfanin Astral, 2024, mai saurin gaske.

Amfani: venv ba ta buƙatar intanet wajen kafa muhalli. Wannan babban abu ne a Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, inda aka katse layukan waya a Satumba 2021. Mai hankali yakan sauke kayan aiki da pip tun akwai layi, ya adana, ya girka daga baya. Mai koyo ya fara da venv, ta wadatar.

Duba kuma: manhaja, pip.